Fashin Baƙi: Wane Taki Ciyawar Fili Ke So, Nawa, Kuma Yaushe?

Ciyawar da ake shimfiɗawa a harabar gida, ko gaban ofis, ko filin ƙwallo, ta sha bamban da sauran shuke-shuke ta fuska ɗaya. Ba 'ya'ya ake nema a wurinta ba, ba fure ba. Ganye kawai ake so, shi ma da zarar ya ɗago kai sai a bi shi da inji a yi masa aski. Ta sake tofowa, a sake aske ta. Kowane aski kuwa yana tafiya da wani abu daga cikin abin da ta zuƙo a ƙasa, musamman in ana tattara yankakken ganyen ana zubarwa. Shi ya sa take buƙatar taki, alhali 'yar uwarta ta daji, wadda ba mai kula da ita, tana rayuwarta ba a ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Ita ganyenta a inda ya fito yake bushewa, ya ruɓe, ya koma ƙasa.

Daga nan ne kuma mutane da yawa ke ɓacewa. Tunda an ce tana son taki, sai a ɗauka kowace damuwa ta same ta taki ne maganinta, kuma in cikin hannu ɗaya ya yi mata kyau, biyu zai fi. Ba haka abin yake ba. Ciyawar da aka bari da 'yar yunwa tana koɗewa, ta yi sako-sako, amma da wuya ta mutu, kuma cikin 'yan makonni ana iya dawo da ita hayyacinta. Wadda aka ɗura wa fiye da kima kuwa, ko dai ta ƙone nan take, ko ta yi wani kyau na yaudara da zai jawo mata cuta daga baya. Garin neman gira a rasa ido. Don haka a wurina duk maganar takin ciyawa a kan awo ta tsaya: me ke cikin buhun, nawa filin ke buƙata, kuma shin ciyawar tana cikin halin da za ta iya ci a ranar da aka ba ta.

Kafin a je ga buhu, ya kamata a gane cewa ba taki ne ke gina yawancin jikin ciyawa ba. Da hasken rana da iska da ruwa take haɗa sukarin da take rayuwa da shi. Taki cikon kayan aiki ne kawai. Masana kimiyyar noma na Jamus, Carl Sprengel a 1828 da Justus von Liebig a bayansa, sun kafa wata ƙa'ida da har yau ba ta tsufa ba: abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke wa shuka iyakar girmanta, komai yawan sauran. In haske ne ya yi kaɗan, kamar gindin babbar bishiya ko jikin doguwar katanga, ko buhu guda ka juye ciyawar wurin ba za ta yi kauri ba. Hasali ma ciyawar inuwa kusan rabin takin ta fili take buƙata, domin a hankali take girma. In ƙasar ce ta danƙare saboda yawan tattaka, iska ba ta shiga, ruwa na kwanciya, to saiwar ba ta da ƙarfin zuƙar abin da ka ba ta. Wannan aikin cokalin tona ƙasa ne, a huhhuda wurin ya sha iska, ba aikin taki ba.

To, ga buhun. A jikinsa akwai lambobi uku, misali 20-10-10 ko 15-15-15, kuma kullum a jere ɗaya suke zuwa. Ta farko naitirojin, ta biyu fosfaras, ta uku fotashiyam, su ne ake taƙaitawa da NPK. Kowace lamba tana faɗin kashi nawa cikin 100 na nauyin buhun. Buhu mai kilo 50 na 20-10-10 ke nan yana ɗauke da kilo 10 na naitirojin, da kilo 5 na kowane ɗaya daga cikin sauran biyun. Ragowar kilo 30 ɗin ba ha'inci ba ne. Waɗannan sinadarai ba sa zama su kaɗai, sai a haɗe da wasu, sannan ana ƙara abin da zai sa su zama tsaba mai watsuwa. (A yawancin ƙasashe ma lamba ta biyu da ta uku ba tsantsar sinadarin suke nufi ba, ana lissafa su ne haɗe da oksijin: kusan kashi 44 cikin 100 na ta biyu ne fosfaras, kusan 83 na ta uku ne fotashiyam. Mai filin gida bai da buƙatar ya wahalar da kansa da wannan, tunda shawarwarin awo ma da irin lissafin buhun ake ba da su.)

A cikin ukun nan naitirojin ne sarki a wurin ciyawa. Shi ne ke cikin sinadarin da ke sa ganye kore, shi ke sa toho da yaɗo. Abin mamaki, kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kaɗa ciyawar naitirojin ne, amma ba ta iya taɓa ko kaɗan daga ciki sai an sauya masa kama. Hanyar yin haka a masana'anta Fritz Haber ne ya nuna ta a 1909, Carl Bosch kuma ya kai ta matakin babbar masana'anta a 1913, kuma daga nan yuriya da 'yan uwanta ke fitowa har yau. Matsalar naitirojin ita ce ba ya zama. Ruwa na wanke shi ya gangara ƙasa ya wuce inda saiwa ke kaiwa, wani kuma ya bi iska. Shi ya sa shi ne ake ta maimaitawa, kuma da shi ake yin duk lissafin.

Fosfaras halinsa akasin haka ne. Inda aka ajiye shi nan yake maƙalewa a jikin ƙasa, da ƙyar yake motsi. Amfaninsa ya fi fitowa a lokacin da ciyawa ke jaririya tana kafa saiwa. Don haka lokacin da ya fi dacewa a ba da shi shi ne kafin shuka ko dashe, a cakuɗa shi da ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15, inda saiwar za ta tarar da shi. Filin da ya riga ya kafu kuwa kaɗan yake so, wani ma ba ya buƙata sam, domin na shekarun baya yana nan kwance. Shi kuwa fotashiyam ba a ganin aikinsa da ido. Ba ya ƙara kore, ba ya ƙara tsawo. Yana daidaita yadda ganye ke riƙe ruwa da sakinsa, yana ba ciyawa juriyar zafi da fari da sanyi da tattaka. Ba a sanin darajarsa sai ranar wuya. A ƙasa mai rairayi shi ma ruwa na wanke shi, don haka a can ya fi buƙatar kulawa.

In aka ɗauki ganyen ciyawa aka auna abin da ke cikinsa, naitirojin ne ke kan gaba da nisa, fotashiyam na bi masa, fosfaras na can baya. Wannan ne ya sa masana ke ba da shawarar takin da rabonsa ya yi kusa da 3-1-2 ko 4-1-2, wato irin su 15-5-10 ko 16-4-8. A nan za a ga aibin kamfa mai 15-15-15, wanda shi ne mutane suka fi saurin kai wa hannu saboda lambobinsa sun yi daidai wa daida, sai ka ce adalci. Adalci ne a takarda kawai. Duk lokacin da ka ba ciyawa naitirojin ɗin da take so da shi, ka haɗa mata da fosfaras ninki uku ko huɗu na buƙatarta. Sau ɗaya a farkon kafa fili ba laifi. Amma a mayar da shi abin kullum, shekara da shekaru, asara ce. Wanda ba shi da wani zaɓi sai kamfa da yuriya, dabara ita ce ya sa kamfa sau ɗaya a farkon lokacin girma, sauran zagayen ya bi da yuriya tsantsa.

Asarar kuma ba ta tsaya a aljihu ba. Fosfaras ɗin da ya zube a kan siminti ko ya bi zaizayar ƙasa, magudanar ruwa ce ke kai shi tafki da kogi, inda yake sa gansakuka ta haukace ta rufe fuskar ruwa. In ta mutu ta fara ruɓewa sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Wannan ne ya sa jihar Minesota ta Amurka, mai yawan tafkuna, ta kafa doka da ta game jihar baki ɗaya daga 2005, cewa ba a sa wa ciyawar fili taki mai fosfaras sai in sabon fili ne ake kafawa ko gwajin ƙasa ya nuna akwai buƙata. Wasu jihohin sun bi sahu. A can buhunan takin ciyawa da sifiri a tsakiya suke zuwa, kuma filayen ba su fasa yin kore ba.

Gwajin ƙasar nan shi ne abin da kowa ke tsallakewa, ni kuwa ina ganin shi ne rabin aikin. Ba wani abu mai wuya ba ne. A zagaya filin a ɗebo ƙasa daga wurare 10 zuwa 15, zurfin kamar santimita 10, a cire ciyawa da tsakuwa, a haɗa a bokitin roba mai tsabta, a gauraya, a shanya a inuwa, a kai wa ɗakin gwajin ƙasa. Sau ɗaya a shekara uku ya wadatar. Sakamakon zai nuna ko akwai fosfaras da fotashiyam, amma abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne lambar tsamin ƙasa, wadda ake kira pH. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da haka ƙasar na da tsami, sama da haka ta karkata wajen kanwa. Yawancin ciyawar fili tsakanin 6 da 7 ta fi jin daɗi, domin a nan ne abin da ke cikin ƙasa ya fi narkewa saiwa ta samu. In lambar ta kauce sosai ta kowane gefe, takin na iya kasancewa a ƙasar amma a kulle.

Shi kansa takin yana iya tsamama ƙasa, kuma akwai shaida mai daɗewa a kan haka. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, John Bennet Lawes da Joseph Henry Gilbert sun yanka wani filin ciyawa gida-gida a 1856, suka riƙa ba kowane yanki irin takinsa, kuma har yau ba a daina gwajin ba. Yankunan da aka daɗe ana ba takin amoniyam salfet ba tare da gyaran tsami ba, lambarsu ta faɗi ƙasa da 4, kuma ire-iren tsirrai ƙalilan ne suka rage a cikinsu, alhali yankin da ba a taɓa ba komai ba yana cike da iri-iri. Amoniyam salfet, mai 21-0-0, taki ne mai kyau, yana ma ɗauke da farar wuta da ciyawa ke so. A ƙasa mai kanwa shi ne zaɓi, don tsamin nasa amfani ne a can. A ƙasar da dama tana da tsami kuwa, ƙara mata ciwo yake yi sannu a hankali. Maganin tsami shi ne garin dutsen farar ƙasa irin na noma, a sa gwargwadon abin da gwaji ya ce, kuma a yi haƙuri, watanni yake ɗauka kafin ya yi aiki. Tokar itace ma tana rage tsami kuma tana da fotashiyam, amma kada a kusanta ta da ƙasa mai kanwa. Kada kuma a watsa farar ƙasa ko toka rana ɗaya da yuriya ko amoniyam salfet, domin haɗuwarsu tana kora naitirojin ya bi iska.

Wani ruɗani da tsamin ƙasa ke warwarewa shi ne na ganye mai rawaya. Ba kowace rawaya ce yunwar naitirojin ba. A durƙusa a duba da kyau. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara koɗewa, filin gaba ɗaya ya yi fari-fari kuma girma ya ja baya, wannan naitirojin ne. In kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore kamar an ja layi, kuma ciyawar ba ta daina tsawo ba, to sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, abin da ya fi faruwa a ƙasa mai kanwa ko wadda ruwa ya yi wa yawa. Ƙara mata yuriya a wannan hali sai dai ya ƙara fito da rawayar, domin za ta yi ta fitar da sabon ganyen da ba ta da abin rina shi. Feshin ruwan sinadarin ƙarfe a kan ganyen ke gyara wannan cikin 'yan kwanaki. A kula dai, yana ɓata siminti da tabon tsatsa.

Sai zaɓi tsakanin mai sauri da mai jinkiri. Yuriya, da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, ita ce mafi ƙarfi a cikin takin tsaba da aka saba gani. Tana narkewa nan da nan, cikin mako guda fili ya sauya launi, bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi kuma ta ƙare. Akwai kuma wadda aka lulluɓe kowace tsaba da farar wuta ko wata siririyar roba, don ta riƙa sakin abin cikinta kaɗan-kaɗan tsawon wata biyu zuwa uku ko fiye. Wannan ta fi dacewa da ciyawar gida: ba ta saurin ƙona ganye, ba ta sa girman hauka na mako biyu, kuma ruwan sama ɗaya ba ya tafiya da ita duka. In buhu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku ko rabin naitirojin ɗinsa mai jinkirin narkewa ne, ya cancanci a dube shi da kyau.

Takin gargajiya kuwa wani babi ne daban, kuma kuskure ne a auna shi da ma'aunin na zamani. Naitirojin ɗin da ke cikin ruɓaɓɓen takin shara ko kashin shanu bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, kuma ba ya fitowa sai ƙananan halittun ƙasa sun ci sun saki, su kuma sai da ɗumi da laima suke aiki. Amma yana yin abin da yuriya ba za ta taɓa yi ba: yana gyara ƙasar kanta. Rairayi ya fara riƙe ruwa, laka ta saki jiki, tana ta dawo ta riƙa huda ƙasa. Sharaɗinsa shi ne ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ciyawa kamar wuta, ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin kowace muguwar ciyawa da dabbar ta ci, ka wayi gari kana cirar abin da ka shuka da hannunka. A tankaɗe shi, a barbaɗa kaurin da bai wuce santimita ɗaya ba, a bi da manjagara ko tsintsiya mai ƙarfi har ya faɗa tsakanin ganye, kawunan ciyawar su fito fili. Sau ɗaya a shekara, haɗe da ɗan takin zamani, ya fi kowannensu shi kaɗai.

Yanzu ga lissafin, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Ƙa'idar da masana ciyawa suka daɗe a kai ita ce, in takin mai saurin narkewa ne, kada a wuce kusan giram 5 na tsantsar naitirojin a kowane murabba'in mita a zubi ɗaya. Don a san nauyin takin da zai ba da haka, sai a raba 500 da lambar farko ta jikin buhun. In 20-10-10 ne, giram 25 ke nan a murabba'in mita. In 15-15-15 ne, giram 33. Amoniyam salfet, giram 24. Yuriya, giram 11 kacal, wato kusan cikin babban cokali ɗaya a shafe, ba a tule ba, a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Duk wanda ya gwada wannan karon farko sai ya ji kamar bai sa komai ba. Tsabar tana warwatse, nan ɗaya can ɗaya, ƙasa duk a buɗe. To haka ya kamata ta kasance. In ka hango fili ya yi fari da yuriya daga nesa, an riga an yi ɓarna.

Sai a auna filin, tsawo sau faɗi, a cire wurin da gini ko hanya suka ci. Fili mai mita 20 da mita 10 murabba'in mita 200 ne, yana buƙatar kilo 5 na 20-10-10, ko kilo 2 da giram 200 na yuriya. A ɗora a sikeli. In babu sikeli a kusa kullum, a auna cikin wani gwangwani sau ɗaya a rubuta nauyin a jikinsa, ya zama mudun wannan takin, amma shi kaɗai, don kowane taki da nauyinsa.

A shekara kuma fa? Filin gida na yau da kullum tsakanin giram 10 zuwa 20 na naitirojin a murabba'in mita ya ishe shi, wato zubi biyu zuwa huɗu, da tazarar mako 6 zuwa 8 a tsakani. Irin ciyawar ne ke nuna inda za a tsaya. Bamuda, wato kiri-kiri, da kikuyu ta gabashin Afirka masu ci ne, suna kuma saurin rama tattaka. Zoyisiya a hankali take, matsakaici ya ishe ta. Akwai ma masu ƙin yawan taki, irin su santifid, da zubi ɗaya ko biyu marasa nauyi ke wadatarwa, in an matsa musu sai su lalace. Filin ƙwallo da ake gurza kullum ya fi cin taki a kan ciyawar ado da ba mai taka ta. Ƙasa mai rairayi kuma ba ta riƙo, gara a raba mata abin gida-gida, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Me zai faru in an wuce? Ciyawa ba ta san ƙoshi ba. Muddin akwai naitirojin za ta yi ta tura sukarinta wajen yin ganye, saiwa kuma ta zauna gajeriya. A sama kore shar, mai laushi, mai ruwa-ruwa, a ƙasa babu tushe. Irin wannan ganyen ne tsutsa da cututtukan fumfuna suka fi so, kuma ranar da aka yi fashin ban ruwa ita ce farkon yin yaushi. Ga yawan aski. Ga kuma matacciyar ciyawa da ke taruwa tsakanin ganye da ƙasa kamar katifa, ta hana ruwa shiga. Wanda ke son ganin duk labarin a wuri ɗaya ya dubi inda kare ya yi fitsari a kan ciyawa. Tsakiyar wurin a ƙone take ƙurmus, kewayen kuma wani zobe ne mai duhun kore da ya fi sauran filin tsawo. Abu ɗaya ne ya yi duka biyun. A tsakiya ya yi yawa, a gefe ya tsarke.

Lokaci kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: a ciyar da ita sa'ad da take girma, a ƙyale ta sa'ad da take barci. Ciyawar ƙasashe masu zafi ta fi kuzari a tsakanin digiri 27 zuwa 35. In ta bushe saboda rani ko sanyi, ba a tashe ta da taki. A jira ta farfaɗo da kanta, ta yi kore, a yi mata aski sau ɗaya ko biyu, sannan a ba ta. In aka yi gaggawa, muguwar ciyawa ce za ta cinye, don ta riga ta farkawa. Zubin ƙarshe kuma ya kasance wata ɗaya ko fiye kafin ta sake kwanciya. Filin da ake yi wa ban ruwa duk shekara a wuri mai ɗumi ba ya barci sosai, sai a bi shi da ƙananan zubi. Ciyawar ƙasashe masu sanyi, irin su fesku da rayigiras, tsakanin digiri 15 zuwa 24 take jin daɗi, don haka babban zubinta a kaka ne, bayan zafi ya karye kafin sanyi ya kankama, da ɗan kaɗan bayan sanyi ya wuce kafin zafi ya shigo. Sa mata taki a tsakiyar zafi azaba ce.

Ruwan sama aboki ne in yayyafi ne, abokin gaba in mamako ne. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a ajiye buhun. Wasu gundumomi a jihar Fulorida ta Amurka har hana sa taki mai naitirojin da fosfaras suke yi daga Yuni zuwa Satumba, watannin da ruwa ya fi sauka a can, saboda abin da ake zubawa a teku yake ƙarewa.

Ranar aikin, ana so ƙasa ta kasance da laima amma ganye a bushe. A yi ban ruwa kwana ɗaya kafin nan, a yi aski kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a bari raɓa ta ɗauke, ko a bari sai la'asar rana ta yi sanyi. Dalili kuwa shi ne takin zamani dangin gishiri ne. In tsaba ta manne a jiƙaƙƙen ganye sai ta narke a wurin, ta tsotse ruwan jikinsa, gobe a ga ɗigo-ɗigon ƙuna. A raba abin da aka auna gida biyu. Rabi a watsa ana tafiya daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa, don inda zagaye na farko ya tsallake na biyu ya cike. Wanda ya watsa ta fuska ɗaya, bayan mako guda zai ga filinsa ya yi zane-zane, layi kore layi fari, kuma kowa ya wuce zai karanta sawunsa. Mai watsawa da hannu ya sa safar hannu, ya cakuɗa takin da busasshen yashi ninki biyu ko uku don hannu ya sami abin kamawa, musamman yuriya da ba ta da yawa. Mai keken watsa taki kuma ya cika shi a kan siminti, ba a kan ciyawa ba, ya fara tafiya kafin ya buɗe, ya rufe kafin ya tsaya ko ya juya. A wurin juyawa ne yawancin ƙuna ke faruwa.

Da an gama, a share duk tsabar da ta faɗa kan siminti a mayar da ita cikin ciyawa, a kuma bar 'yan mitoci ba taki a gefen rijiya, rafi ko magudana. Sannan a yi ban ruwa nan take, kamar milimita 6 zuwa 10, wato lita 6 zuwa 10 a murabba'in mita. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a tsakiyar fili, in ruwan cikinsa ya kusa santimita ɗaya ya isa. Wannan ruwan ne ke sauko da takin daga ganye zuwa ƙasa. Ga yuriya ma wajibi ne, domin in ta kwana biyu a fili cikin zafi, wani kaso mai yawa na naitirojin ɗinta yana zama iskar amoniya ya tafi. Amma kada a yi ruwan har ya fara gudu. Yara da dabbobi su dakata sai ganye ya bushe.

Akwai takin da ake sayarwa haɗe da maganin kashe muguwar ciyawa. Ba na sonsa. Lokacin da ya dace da taki da lokacin da ya dace da magani ba su cika haɗuwa ba, kuma yana sa a watsa guba a duk fili don matsalar da ke lungu ɗaya, har saiwar bishiyoyi da furanni ta shafa.

Abu mafi sauƙi da ke rage buƙatar buhu shi ne a daina kwashe askin. In ana yanka a kan kari, ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye, guntayen ƙanana ne, suna faɗawa tsakanin ciyawa su ruɓe cikin 'yan kwanaki, kuma suna iya mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ɗin da fili ke buƙata a shekara. Sai in ciyawar ta yi tsawo har askin na taruwa dunƙule-dunƙule, ko tana da cuta, sannan a kwashe.

In kuma tsautsayi ya sa buhu ya zube a wuri ɗaya, kada a fara da ruwa. A kwashe duk abin da za a iya da shebur da tsintsiya tun yana bushe, sannan a yi ta kwarara wa wurin ruwa kullum har kusan mako guda don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. Ciyawa mai yaɗo irin bamuda takan rufe tabon da kanta daga gefe. Wadda ba ta yaɗo sai an kankare saman ƙasar an sake shuka. Ragowar takin a ɗaure bakin buhun tam, a ɗora a kan katako a wuri busasshe, domin yuriya na jan laimar iska, in an bar ta a buɗe kafin zagaye na gaba ta dunƙule ta zama dutse, ba ta watsuwa daidai.